Ba Yaro Ne Zai Biya Bashin Hukuma Ba



Tun ƙarshen shekarar 2022 cutar mashaƙo ta sauka a Kano, kuma ba saukar baƙon kwana ɗaya ta yi ba. Alƙaluman Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa sun nuna cewa mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin Najeriya 'yan jihar nan ne, akasarinsu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato tsaran waɗanda sunayensu ke cikin rajistarmu. Ɗaruruwa sun rasu. Da yawa daga cikin waɗanda cutar ta kwantar ba a taɓa yi musu allurar rigakafi ba, ko kuma an fara ba a ƙarasa ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne inda abin ya yi ƙamari. Da a ce a rugage ne masu nisan yini guda da asibiti, da mun ce nisa ne. Amma ƙwaryar birni da kewayenta na cikin wuraren da suka fi jin jiki, inda mutum zai taka da ƙafa ya isa asibitin sha-ka-tafi, inda rediyo ba ya shiru dare da rana, inda da wuya ka shiga gidan da babu waya. Allurar tana kusa. Zukatan iyaye ne suka yi nisa da ita.

Matsayinmu a kan wannan lamari guda ɗaya ne, kuma za mu faɗe shi tun farko. Iyaye suna bin hukuma bashi mai yawa, bashin gaskiya da na kulawa, kuma suna da haƙƙin su nemi a biya su. Amma hana yaro rigakafi ba ya karɓo ko kwabo daga wannan bashi. Yaron ne kawai ke biya, da maƙogwaronsa, da ƙafarsa, wani lokaci da ransa.

Wani zai ce ina ruwan ƙungiyar malamai da zancen allura, alhali ga ƙarin girma da aka riƙe, ga haƙƙin 'yan fansho, ga azuzuwa babu rufi? Ruwanmu shi ne ajin nan da muke shiga kowace safiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara ɗari ko fiye a ɗakin da aka gina domin arba'in, gwiwa na gugar gwiwa, kofi ɗaya na zagaya bakuna a bakin randa, ya san cewa babu kasuwar da cuta ke ci kamar makarantar firamare ta cikin birni. Ƙyanda, alal misali, tana iya zama a iskar ɗaki har tsawon awa biyu bayan mai ɗauke da ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka kusance shi, kusan tara za su kamu. Masana sun ce sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari na yara rigakafinta kafin a datse mata hanya. Ita kuwa mashaƙo ta tari da atishawa take bi. Takan shimfiɗa wata fata mai kauri a maƙogwaro har ta toshe numfashi, dafinta kuma yana iya taɓa zuciya ko bayan an ga kamar yaro ya samu sauƙi. Ba ta san ɗan talaka da ɗan mai kuɗi ba: a farkon 2025 ta ɓulla a Kwalejin King's da ke Legas, ɗalibi ya rasu. Malamin da ya wuni a cikin wannan iska gida zai koma, ya ɗauki jaririnsa. Saboda haka maganar rigakafi magana ce ta yanayin aiki, kamar rufin aji da kujerar zama.

Bari mu fara da waɗanda suka fi kowa saurin yanke hukunci, wato masu zama a ɗakunan taro masu sanyi suna cewa matsalar jahilci ce. Wannan kalma tana da daɗin furtawa ga jami'in da ba ya son a bincike shi, domin tana ɗora laifin duka a kan wanda ba ya cikin ɗakin. Mu da muke zama da iyayen nan a taron iyaye da malamai mun san ba haka abin yake ba. Cikin masu ɗari-ɗari da allura akwai ɗan kasuwar Kwari da ke lissafin miliyoyi da ka, akwai mai digiri, akwai mahaddaci. Shakkarsu tana da asali, kuma ruwa ba ya tsami banza.

A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 daga cikinsu sun rasu, wasu sun tashi da naƙasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce cutar ce ta yi kisan. An yi ta shari'a shekara da shekaru, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara goma sha uku ke nan ana jira. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma duk mai son ya yi maganar rigakafi a garin nan ba tare da ya amince da wannan tarihi ba, ya raina hankalin masu saurarensa.

Ga kuma tarihin yau da kullum, wanda ba a rubuta shi a jarida. Uwa ta goya ɗanta mai zazzaɓi zuwa asibiti, ta yi layi tun hantsi, a rubuta mata takarda a ce ta je kemis ta saya. Washegari a ƙwanƙwasa mata ƙofa da ɗigon shan-inna kyauta, a sake dawowa bayan wata biyu, a sake dawowa. Kwatar ƙofar gidanta ta toshe shekara uku babu wanda ya leƙo, famfon unguwa ya ƙafe, makarantar ɗanta babu banɗaki. In ta tambaya me ya sa wannan abu ɗaya tak ake bin ta da shi har gida, tambayar mai hankali ta yi. Abin kunya shi ne sau da yawa amsar da take samu ita ce tsawa, ko barazanar kai ƙara wurin mai unguwa. Haka nan akan wayi gari a ga ma'aikata sun shigo harabar makaranta da akwatunan sanyi ba tare da an sanar da iyaye ba, wani lokaci shi kansa shugaban makarantar da safiyar nan ya ji. Yaro ya koma gida da alamar tawada a yatsa, uba ya taso a fusace, kuma ba ofishin lafiya yake nufa ba, ajinmu yake nufa. Amanar da muka yi shekaru muna ginawa tsakaninmu da unguwa, a rushe ta cikin rabin awa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma daga nan ne muke rabuwa da masu cewa, tunda haka ne, kada a ba da yara.

Mu 'yan ƙungiya ne. Babu wanda zai koya mana yadda ake janye hannu domin a tilasta wa mai iko ya saurara. Mun san yajin aiki, mun san zafinsa, mun san ƙa'idarsa: ana janye abin da rashinsa zai dami wanda ake ƙara da shi. In malamai suka ajiye alli, kwamishina ba ya barci, domin jama'a za su tambaye shi. To, in magidanci ya rufe ƙofa ya ce ba za a yi wa 'ya'yansa allura ba sai an gyara masa kwata ko an kawo taransifoma, wa ya rasa barci? Jami'in da ya ci kuɗin kwatar 'ya'yansa sun riga sun karɓi allurarsu cikakkiya, wataƙila ma a asibitin kuɗi. Ba zai ji ko gezau ba. Wanda aka ajiye a matsayin jingina shi ne jaririn da bai san kwata ba, bai san zaɓe ba, bai ci kuɗin kowa ba. Haushin kaza ne ake hucewa a kan dami. Yajin da ba ya taɓa mai laifi, yana kashe wanda ake yi dominsa, ba yaji ba ne; asara ce tsagwaronta.

Ba hasashe muke yi ba, domin an gwada an gani. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, bisa zargin cewa an gurɓata ɗigon da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga ƙasar Indonesiya. Gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, wanda shi ma daga cikin aji ya fito, ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a a wannan shekara. Sai dai kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Yaran da cutar ta shanye a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, ƙwayar cutar kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiya. Waɗannan yara yau samari ne da 'yan mata. Muna ganin wasunsu a kan kekunan guragu a bakin danja. Babu ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ta kururuwa a wancan lokaci da ke tura musu keke.

Jita-jita ba ta tsaya a shanye ƙafafu ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a wasu asibitoci biyu a cikin birnin nan, yawancinsu mata masu neman ɗan abin da za su kai gida. Duk da haka 'yan uwansu ba su fasa ba. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka shiga aikin, malaman addini suka shiga, waɗanda cutar ta naƙasa da kansu suka riƙa bi gida-gida suna nuna ƙafafunsu. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji. Da haƙuri da bayani aka kai ga wannan, ba da tsawa ba. Amma wani nau'in cutar yana nan yana zagaye a wuraren da yara da yawa ba su da kariya, shi ya sa har yau ake ƙwanƙwasa ƙofofi.

Yanzu bari mu ɗauki maganganun da ake yaɗawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke duba takardar jarrabawa.

An ce ɗigon yana hana haihuwa. Yaran da aka ɗiga wa a 2004 sun haura shekara ashirin. Mun koyar da su, mun ci shinkafar bikinsu, mun je sunan 'ya'yansu, wasu ma 'ya'yan nasu suna aji ɗaya a hannunmu. Duk shekara rajistar sababbin ɗalibai ƙaruwa take yi har muna rasa inda za mu zaunar da su. In makirci ne na rage al'umma, to ba a taɓa ganin makircin da ya sha kaye irin wannan ba.

An ce a tuna da Trovan. Mu tuna, amma mu tuna daidai. Trovan ba rigakafi ba ne. Magani ne da aka gwada a kan yaran da sanƙarau ya riga ya kwantar. Abin da ya jefa iyayen nan cikin halin da ba su da zaɓi shi ne annobar da ba a tare ta tun da wuri ba. Daga 2010 aka fara amfani da wata sabuwar allurar sanƙarau a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi sahu a 2011, kuma nau'in cutar da ya saba haddasa manyan annobai a yankinmu ya kusan ɓacewa. Darasin 1996 shi ne a tambaya, a nemi bayani, a ƙi yarda da gwaji a ɓoye. Wanda ya mayar da shi hujjar barin yaro babu kariya ya karanta darasin a juye.

An ce me ya sa kyauta ne? Ba kyauta ba ne, wani ne ya biya: gwamnatin tarayya daga dukiyar ƙasa, da ƙawancen Gavi da aka kafa a shekarar 2000, da wasu masu ba da tallafi. Ba sai mun ɗauke su waliyyai ba. Lissafi suka yi: allura ta fi jinya araha nesa ba kusa ba, kuma cutar da ta tashi daga Kano tana iya sauka a ƙasarsu cikin yini ɗaya a jirgin sama. In amfaninsu ya zo daidai da lafiyar ɗanka, ƙin karɓa ba ya rage su da komai.

An ce ya saɓa wa tawakkali. Wannan fage na malaman addini ne, kuma manyansu sun daɗe da yin bayani. Mu dai abin da muke gani da ido shi ne, duk shekara maniyyata na yin layi a karɓi allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan-inna, domin Saudiyya ba ta barin alhajin Najeriya ya shiga sai da shaidarsu. Ba mu taɓa jin wanda ya fasa aikin Hajji saboda haka ba. Abin da dattijo ya miƙa dantsensa aka yi masa domin ya sauke farali, yaya zai zama haramun a kan jikansa? Kakanninmu ma da tabon lamba a dantse suka tafi, kuma ta dalilin wannan lamba ce aka kawar da cutar agana daga doron ƙasa, aka tabbatar da hakan a 1980.

An ce allura tana sa zazzaɓi. Wannan kam gaskiya ne. Yaro na iya yin ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, wurin ya kumbura, ya yi rigima da dare. Laifin ma'aikaci ne in bai faɗa wa uwa tun kafin ta tafi ba, bai kuma gaya mata abin da za ta yi ba, da lokacin da ya kamata ta dawo da shi asibiti. Amma a ɗora zazzaɓin kwana biyu a sikeli ɗaya da maƙogwaron da ya toshe, a ga wanne ya rinjaya.

Akwai waɗanda ba za mu yi wa uzuri ba ko kaɗan: 'yan kasuwar tsoro. Mutum ya zauna ya naɗi murya, babu suna, babu gari, ya ce wani likita ya tona asiri, ya sako ta a WhatsApp, kafin azahar ta zagaye unguwa goma. Wani yana yi ne don ya tara mabiya, wani don ya sayar da nasa haɗin a kwalba. Ranar da yaro ya kasa numfashi ba za a gan su a bakin gadon asibiti ba. Kuma muna jan hankalin duk mai riƙe da alli: saƙon da ya fito daga wayar malam ba daidai yake da wanda ya fito daga wayar kowa ba. A unguwa, in aka ce malam ne ya turo, an gama magana. Wanda ke jan jar biro a kan ɗalibin da ya kawo amsa babu hujja, bai kamata ya tura wa iyaye ɗari abin da bai san tushensa ba.

Ga abin da muke nema daga hukumomin lafiya da na ilimi. Kada a sake shigo da allura makaranta sai an sanar da shugabanta da ƙungiyar iyaye da malamai aƙalla mako guda kafin ranar, a rubuce, da Hausa, a faɗi sunan allurar da cutar da take karewa. Wannan ya fi zama wajibi ga allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, domin duk abin da ya shafi 'ya mace in aka yi shi a ɓoye, an ba masu jita-jita makami. A daina barazana. Wanda aka tsorata yau zai ɓoye ɗansa gobe. A ƙarfafa rigakafin yau da kullum a asibitocin unguwa, ya zama uwa ba za ta ɓata yini ba a ce mata allura ta ƙare ko firji ya lalace. A biya ma'aikatan rigakafi alawus ɗinsu a kan lokaci. Mun san ɗacin aiki babu biya, kuma ma'aikacin da aka wulaƙanta shi ne ke cike takarda da ƙarya. Sannan a cika alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, a kuma saki kuɗin a aikace, domin ranar da uwa ta sami maganin zazzaɓi a asibitin unguwarsu, ranar ce za ta daina zargin mai ɗigo. Ƙasar da ke da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba, bai kamata jami'anta su yi wa kowa gorin wayewa ba.

Ga kuma namu aikin. Kowa ya fara da gidansa: a ciro katin rigakafin yara daga ƙasan akwati a duba. Ana yin na farko ranar haihuwa, sai a mako 6, da mako 10, da mako 14, inda ake ba da allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo. A wata 9 sai ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Wanda ya tsallake wata, ba a komawa farko. A je asibiti a ɗora daga inda aka tsaya. Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai mu tambayi katin cikin ladabi, amma kada a kori yaro ko ɗaya saboda rashinsa, domin hana shi karatu zalunci ne na biyu a kan na farko. A taron iyaye na zangon nan, kowace makaranta ta gayyato ma'aikacin lafiya na unguwa da liman da mai unguwa, a bar iyaye su yi tambaya har su gaji, kada a katse kowa, kada a yi wa kowa dariya. Malamai mata su ɗauki zancen zuwa cikin gidaje da makarantun Islamiyya, malamai maza su tare magidanta a majalisa, tunda a gidaje da yawa uwa ba ta fita da yaro sai da izinin maigida. Yaron da muka ga yana zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a sanar da iyayensa nan take a garzaya da shi asibiti, kada a jira a tashi.

Ga iyaye kuwa, kiranmu shi ne: ku riƙe fushinku, yana da amfani. Ku zo da shi taron unguwa, ku kai shi ofishin kansila da na shugaban ƙaramar hukuma, ku tafi da shi rumfar zaɓe. A kan kwata da ruwa da magani da rufin aji, za ku same mu a sahun gaba, domin koke ɗaya muke yi. Amma ku fitar da yaran daga cikin wannan rigima. Ku kai su a yi musu allura, su rayu su girma, su zo aji mu koya musu karatu da lissafi, har su iya lissafa abin da ake bin hukuma su karɓo da kansu.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.